Kuɗi ya fita, rasit bai fito ba

Ranar Talata wata dattijuwa ta zo ofishinmu da wayarta a hannu. Ta biya naira 12,500 na sabunta takardar shagonta, alat ya nuna an cire, amma a kwamfutarmu babu sunanta. Zuwanta na uku ke nan. Ta ce, "Ɗan nan, ni dai kuɗina ya fita." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri." Wallahi kunya ta kama ni, don ban san inda kuɗin ya maƙale ba, alhali shekarata 17 a sashen lissafi.

Sai na hau sama wajen yaron da ke kula da manhajarmu. Na tarar da shi yana duba wani gyara da ɗan kwangila ya aiko, layi bayan layi. Ya ce, "Yallaɓai, zauna ka gani."

Ashe idan mutum ya biya, kamfanin da ke karɓar kuɗin yana turo wa kwamfutarmu saƙo cewa wane ya biya kaza. Su suna ce masa webhuk. Kwamfutarmu kuma sai ta amsa da lamba 200, wato saƙo ya iso. In kamfanin bai ji amsa ba, zai sake turowa. Abin da ya sami Hajiya shi ne, manhajarmu ta amsa "ya iso" kafin ta rubuta shi, sai rubutun ya lalace a hanya. Kamfani ya ɗauka an gama, mu kuma ba mu da komai.

Ɗan kwangila ya gyara wannan: a rubuta tukuna, sannan a amsa. Amma yaron ya ƙi amincewa da gyaran, ya mayar masa da tambayoyi uku.

Na farko, in saƙo ɗaya ya zo sau biyu fa? Babu inda ake duba lambar biyan, ke nan biya ɗaya zai haifi rasit biyu.

Na biyu, ina ake tantance sa hannun? Kowane saƙo yana zuwa da hatimin da aka haɗa da mabuɗin sirri da mu da kamfanin kaɗai muka sani. In ba a duba shi ba, duk wanda ya gano adireshin zai iya turo "na biya" bai ba da sisi ba.

Na uku, adadin a kwabo yake zuwa. Kuɗin Hajiya 1,250,000 zai fito. Wa ke kwatanta shi da abin da ake bin mutum?

Nan na ga ai aikina ne sak. Ba a fitar da baucan sai mutum na biyu ya duba, odita ya sa hannu. Tun 2015 da aka tilasta asusun bai ɗaya na TSA, da kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, biyan jama'a ya koma waya. Mu kuwa har yau biro muke wa gadi, mun bar rubutun da ke fitar da rasit ga yaro ɗaya mai ƙaramin albashi. Ranar da ya tafi hutu fa? In lissafi ya ƙi daidaita, ni za a fara kira.

Jiya na rubuta wa darakta takarda: kada gyara ya shiga manhaja sai mutum biyu sun duba, kuma kowace Juma'a a haɗa rahoton kamfanin da namu.

Hajiya ta karɓi rasit ɗinta ranar Alhamis, da hannu muka shigar. Kuɗin motar zuwa huɗu kam babu mai biyanta.

Jama'a, in kun biya ta waya, ku adana lambar biyan, alat kaɗai ba ya isa. Allah ya sa mu fita haƙƙin mutane.