Tulsa: Kasuwar da ake karanta tarihi a jikin tsofaffin bindigogi

Tulsa birni ne a Jihar Oklahoma ta ƙasar Amurka, a bakin Kogin Akansas. Arzikin man fetur ne ya raya garin, shi ya sa a ƙofar filin baje kolinsa aka kafa mutum-mutumin wani mai haƙar mai, wanda tsawonsa ya kai mita 23. A bayansa akwai wani makeken zaure mai faɗin eka 11, wato kusan filin ƙwallo shida. Sau biyu a shekara, wajen watan Afrilu da kuma Nuwamba, zauren kan cika maƙil da tebura sama da 4,000 na masu sayar da bindigogi. Sunan bikin Wanenmacher, an faro shi tun 1955, kuma masu shirya shi na kiran sa baje kolin bindigogi mafi girma a duniya.

Na san ɗalibanmu da dama za su ji wani banbaraƙwai. A wajenmu, in an ce bindiga, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ƙauyen da aka tasa ko makarantar da aka rufe. To me zai kai mutum kasuwar bindiga? Ku biyo ni mu zaga.

Tun daga ƙofa ake fara bincike. Duk wanda ya zo da bindiga sai an tabbatar babu harsashi a ciki, sannan a ɗaure ta da igiyar roba yadda ba za ta tashi ba. A ciki ba a jin ƙarar harbi, sai hayaniyar ciniki kamar ta Kantin Kwari. Abin da ke fara dukan hanci shi ne warin wani man kitse mai kauri da sojoji kan shafe bindiga da shi kafin su jibge ta a ma'aji na shekara da shekaru.

Na wuce layukan sababbin bindigogi na nufi inda dattawa suka fi yawa, wato ɓangaren rarar kayan soja. Idan yaƙi ya ƙare, ko aka ƙera sabon makami, gwamnatoci kan sayar da tsofaffin ga 'yan kasuwa. Ga Mosin-Nagant ta Rasha, wadda aka fara ƙerawa a 1891, aka kuma yi ta miliyoyi. Ga Mauser K98k ta sojojin Hitila. Ga M1 Garand da Amurka ta ba sojojinta daga 1936, mai cin harsashi takwas. A gefensu an baza hulunan kwano da banati da lambobin yabo da wasiƙun da tawadarsu ta koɗe.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda masu tara waɗannan kaya ke duba su. Dattijo zai ɗauki bindiga, ya ciro ƙaramin gilashin ƙara girman rubutu, ya duƙufa a kanta kamar almajiri a kan allo. Tambura yake nema. Kowace ma'aikata tana buga sunanta da shekarar ƙira da lamba a jikin ƙarfen. Idan lambar da ke bututun ta yi daidai da ta sauran sassan, to ba a yi mata kwaskwarima ba, kuma kuɗinta ya ƙaru. A nan tsufa ado ne, domin wanda ya goge katakon ya shafa masa sabon fenti ya zubar da darajar kayansa.

Wani mai tebur ya nuna mini Arisaka ta Japan. A samanta akwai wani wuri da aka kankare da magagari. A da, fure ne mai ganye 16 a wurin, tambarin Sarkin Japan. Da ƙasar ta miƙa wuya a 1945, sai aka riƙa goge furen daga bindigogi da yawa kafin a miƙa su, don kada alamar sarki ta shiga hannun abokan gaba. Wata Mosin kuma tana ɗauke da haruffan SA, shaidar cewa ta bar hannun Rashawa ta koma na sojojin Finland. Kun ga labarin faɗuwar daula da na ƙaramar ƙasar da ta tsaya wa babba, duk a wurin da bai wuce faɗin farce ba.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban Lee-Enfield ta Ingila, mai cin harsashi goma. A jikin wasu akwai kambi da haruffan GR na Sarki Joji, da sunan inda aka ƙera su: Enfield a arewacin Landan, ko Ishapore a Indiya, ko Lithgow a Ostireliya. Wannan bindiga ta shafe mu. Irinta ce mazan jiya suka rataya a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka kwashi dubban matasa daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya zuwa Bama, cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Da yawansu Hausa suke ji. Sun yi ta fama da Japanawa da damina da zazzaɓi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka kama garin Myohaung a Janairun 1945. Shi ya sa har yau akwai Barikin Chindit a Zariya, da Kalapanzin a Kaduna, da Myohaung da Arakan a Legas. Dukansu sunaye ne daga wancan yaƙi.

Su kansu Amurkawa ba bakinsu ɗaya ba a kan irin wannan kasuwa. Dillali mai lasisi dole ne ya bincika tarihin mai saye kafin ya miƙa masa bindiga, amma a jihohi da dama mutumin da ke sayar da tasa ta kansa ba a tilasta masa hakan ba, kuma an daɗe ana muhawara a kai. A 2021 kaɗai, mutum sama da 48,000 ne suka mutu ta hanyar harbi a ƙasar, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Tsohuwar bindiga ma ba ta manta aikinta ba, wadda aka ƙera a 1917 tana iya kisa a yau.

A Najeriya doka ta bambanta. Dokar Makamai ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba tare da lasisi ba, ta soja kuwa ba ta farar hula ba ce sam. Saboda haka idan kuka ci karo da bindiga ko harsashi a gona ko a kango, kada ku taɓa, ku sanar da manya su kira jami'an tsaro.

Mai son tarihin makamai ba sai ya je Tulsa ba. Ku roƙi malaminku na tarihi ya kai ku Gidan Makama a Kano, ko Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuwahiya idan da hali. Kafin nan, ku tambayi kakanninku ko a danginku akwai wanda ya je yaƙin Bama. Wataƙila lambar yabonsa ko takardar sallamarsa tana nan a ƙasan wata tsohuwar adaka. Ku rubuta sunansa da lambarsa ta soja da abin da aka riƙe na labarinsa, ku aiko mana a wannan shafi.