Bangayen Alhazai a Yammacin Luksor

Duk wanda ya ƙetare Kogin Nilu daga birnin Luksor, a Kudancin Masar, ya shiga ƙauyukan gaɓar yamma, ba sai ya yi tambaya ba kafin ya gane gidan alhaji. Bango ne ke sanar da shi. Mun ga Ka'aba a zane, ga koriyar ƙubbar Masallacin Annabi (S.A.W.), ga jirgin ruwa ko na sama, watau abin da maigidan ya hau, sa'an nan ga sunansa da shekarar da ya sauke farali cikin rubutun Larabci a bisa ƙofa.

Tun alhaji yana Ƙasa Mai Tsarki iyalinsa ke kiran mai zane, a shafe bango fari fat, ya kama aiki domin ya gama kafin ranar tarya. Ranar kuwa ta unguwa ce baki ɗaya: a yi yanka, a ciyar da maƙwabta, a yi ta zuwa barka. Wannan biki shi ne ke riƙe da sana'ar. Ba hukuma ke biyan mai zane ba, ba kuma don baƙi Turawa ake yi ba. Kowace shekara dai akwai alhazai, akwai kuwa bangon da ke jiransu.

A wasu gidajen har da raƙumi ɗauke da mahmal, tunawa da ayarin da kan rako rigar Ka'aba daga Alƙahira, ko da yake Masar ta daina aiko ta tun farkon shekarun 1960.

Malamai suna da magana a kan zana abu mai rai, mu ma ba mu goyon bayan siffofin mutane da ake sakawa. Amma masu cewa duk abin riya ne, a ganinmu sun tsananta. Manomin da ya yi shekara da shekaru yana tara guzuri, 'ya'yansa suka rubuta godiyarsu ga Allah inda yaran unguwa za su tashi suna gani, ba mu ga aibinsa ba.

Abin takaici shi ne tsohon ƙauyen Gurna, wanda ke zaune bisa kaburburan zamanin Fir'aunoni. Daga ƙarshen 2006 hukuma ta kwashe mutanensa zuwa sababbin gidaje domin kare kayan tarihin da ke ƙarƙashin ƙasa. Katafila ta bi yawancin gidajen lakar ta rushe, har da bangayen da ke ɗauke da sunayen alhazan garin.