Daga Hawandawaki Zuwa Jidda: Nisa Da Lokaci

Hawandawaki gari ne na manoma da makiyaya a ƙasar Tasawa, kusa da iyakar Najeriya. Babu filin jirgin sama a nan. Mutanen garin sun fi ganin jirgi can ƙololuwa, ya ja farin zare ya wuce. Amma in lokacin aikin hajji ya zo, zancen jirgi ya shiga gidaje da yawa.

Makka tana gabas. To, maniyyacin da jirginsa zai tashi daga Yamai, yamma yake fara nufa. Ya bi ta Tasawa, ya wuce Gazawa, ya isa Maraɗi, wajen kilomita 120 daga Tasawa. Daga Maraɗi zuwa Yamai kuma wajen kilomita 660 ne bisa kwalta. Sai an ratsa Gidan Rumji, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso. Motar da ta tashi da asuba wuni take yi a hanya. Tsoho ya sauka ƙafafu sun kumbura, alhali bai ko ga jirgin ba tukuna!

Ta sama, tsakanin filin jirgin Maraɗi da na Diori Hamani a Yamai, wajen kilomita 540 ne kawai. Me ya rage nisan? Hanyar mota tana kwana-kwana don ta bi garuruwa. Jirgi kuwa miƙewa yake yi sak, kamar tafiyar shamuwa. Ƙaramin jirgi mai farfela yana cinye wannan nisa cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Sai dai kuɗinsa ba na kowa ba ne.

Daga Yamai zuwa Jidda wajen kilomita 4,000 ne. Babban jirgi yana yin awa biyar zuwa shida. Da ya tashi sai ya juyo gabas, ya sake ratsa Nijar ɗin da maniyyaci ya sha wuyar ratsawa a mota. Ke nan tafiyar da aka yi cikin gida ta fi ta zuwa ƙasar Saudiyya cin lokaci. Ba kullum lissafin yake tsayawa haka ba. A 2023 yaƙi ya rufe samaniyar Sudan, jirage suka riƙa kewaye, tafiya ta ƙara tsawo.

Akwai abin da ke rikita baƙo. Agogon Jidda yana gaba da na Nijar da awa biyu. Jirgin da ya bar Yamai ƙarfe 8 na safe, ya yi awa shida, agogon alhaji zai nuna ƙarfe 2. A can kuwa ƙarfe 4 ne, la'asar ta yi. Sai a gyara agogo tun ana sauka, don kada salla ta kuɓuce.

Kakanni sun yi wannan tafiya a ƙasa da bisa jakai, ta Cadi da Sudan. Suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago, su sami guzuri, su ƙara gaba. Waɗansu sun shekara da shekaru kafin su komo. Waɗansu can suka zauna, jikokinsu suna Sudan har yau.