Bidanji a Ƙofar Gida

Motar da muke yi wa barka da sunan sabuwa a Damagaram, tsohuwar wani ce. Ta gama rayuwarta ta fari a Beljiyam ko Jamus, ta sha gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, sannan aka lodo ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano, ta ƙetaro gadar Gaya, aka biya duwan, ta zo ta faɗa rairayi da zafin Afrilu. Tawa Corolla ce ƙirar 1998. In ka ji ta bakin dillalai, kowace mota ta wata tsohuwar Baturiya ce da ba ta zuwa ko'ina sai kasuwa. Don haka lambar kilomitan da ke gaban direba, kallonta kawai nake yi.

Ni mushe ne, alli na sani. Abin da ya kai ni ƙarƙashin mota shi ne Inna. Tana ƙauye gaba da Matamai, hawan jini ya sa ta gaba, kuma in waya ta yi ƙara da tsakar dare ba ni da lokacin neman masu turi. Ga albashi ba ya kai ƙarshen wata. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, komai ya ƙara kuɗi. Na zauna na yi lissafi, na ga rabin abin da ke kai ni garaji aikin idanu ne da haƙuri.

Da bidanji na fara. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: kile mai lamba 14, tsohuwar roba, tsumma, da buhun da zan kwanta a kai. Nakan bar injin ya ɗan yi ɗumi don man ya saki jiki, in kwance ƙusar ƙasa, in jira har ɗigon ƙarshe. Sabuwar filta kuwa sai na shafa wa robar bakinta mai, kuma da hannu nake ɗaure ta. Lita uku da ɗoriya take sha. Amfanin da ya fi kuɗin hannun da na rage shi ne ina ganin abin da ya fito da idona. Baƙin mai ba ya tsorata ni. Amma in ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, magana ta girma. Man kuma ni nake sayowa a galan mai hatimi, ban yarda da na awo ba.

Lokacin hunturu filtar iska ce abar tausayi. Baturen da ya rubuta littafin motar bai san ƙurar Janairu ba. Duk Jumma'a nakan cire ta in kakkaɓe, in na samu mai famfon iska a hura ta daga gefen da ke da tsabta zuwa waje. Na ga masu cire ta gaba ɗaya wai mota ta samu numfashi. Wannan ai ciyar da inji rairayi ne. Esansin ruwa-ruwa na bakin hanya ma, in dole ta sa, sai na tace da ƙyalle, don ban san tarihin kwalabar ba.

Inda muka fi samun saɓani da Kawu, bakaniken unguwarmu, shi ne batun ruwan lagireto. Kawu ya girme ni nesa, tun zamanin Peugeot 504 hannunsa ke cikin inji. A ganinsa, ƙaramin murfin nan da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, na ƙasar sanyi ne, a cire a jefar. Ni na ƙi. Murfin yana buɗewa da kansa in zafi ya kai, kuma abin da ke sa motocinmu tafasa yawanci tsatsa ne da ƙasan ruwan rijiya da suka toshe hanyoyin, ko fanka da ta daina juyawa. Ya dube ni ya ce, "Mushe, takarda daban, ƙarfe daban." Na ce, "Kawu, a dai bar mini shi." Yana nan har yau.

Wannan shi ne ɓangaren da ba a faɗa: gyara da kanka yana taɓa zumunci. Ranar da Kawu ya wuce ya ga ƙafafuna sun leƙo daga ƙarƙashin mota, sallamarsa gajera ce. Yaransa da ke samun na shayi daga irin wannan aikin su ma sun ji a jikinsu. Maƙwabta kuma suka ce talauci ya kama mushe. Wannan bai dame ni ba, gaskiya suka faɗa. Na Kawu ne ya tsaya mini a rai.

Sai muka raba gona ba tare da an zauna ba. Mai, filta, buji, kan batir da ke yin farin gari, iskar taya, duk nawa ne. Birki, ambiriyaji, da bel ɗin da ke daidaita tafiyar inji, nasa ne, kuma ba na ciniki. Kayan gyara in za a aika Ƙofar Ruwa a Kano, shi ke zaɓar wanda za a aika, don shi ya san na gaske da jabu tun daga nauyinsu a hannu.

A bayan motar akwai littafin lakwal mai shafi 100. Duk abin da aka taɓa ina rubuta kwanan wata da kilomita. Da farko Kawu dariya yake yi masa. Watan jiya da na kai masa birkin gaba, kafin ya ɗora jak sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi littafin ya gani.