Gujungu: Wa Zai Biya Yinin Da Aka Katse?

Kasuwar Gujungu da ke Ƙaramar Hukumar Taura, a masarautar Ringim, ranar Lahadi take ci. Can na yini cikin buhunan hatsi da garken dabbobi, dare ya yi mini na kwana. Sai dai abin da ya tsaya mini a rai ba a kasuwa na gan shi ba, a fadama ne, washegari da hantsi.

Na tarar da samari shida a gindin wata tsamiya, ƙafafunsu duk taɓo. Tun asuba aka ɗauko su dashen shinkafar rani, injin ban-ruwa ya lalace, mai gona ya sallame su hannu rabbana. Na tambayi babbansu ko an ba su wani abu. Ya ce, "Malam, cewa ya yi aikin da ba a yi ba, ba a biyan sa. To, mu kuma a wannan lokaci wa zai ɗauke mu? Kowa ya gama ɗibar ma'aikatansa."

Nan gizo ke saƙar. Mai aikin jinga aikinsa yake sayarwa, in bai kammala ba a lissafa abin da ya yi. Amma wanda aka ɗauka aikin yini, yininsa ya sayar, kuma rana ba ta komawa gabas.

Doka ma ta san haka. Sashe na 17 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya wajabta wa mai aiki ya biya ma'aikacin da ya zo a shirye bai sami aiki ba, tamkar ya yi aikin ranar. Ko da abin da ya hana aikin ya fi ƙarfin mai shi, sashen ya bar wa ma'aikaci ladan ranar farko. Amma dokar tana Dutse, samarin suna fadama, yarjejeniyarsu kuma ta fatar baki ce.

Ban ɗauki manomin azzalumi ba. Fetur da taki sun sha masa kai. Abin da nake roƙo kaɗan ne: masu unguwanni da ƙungiyoyin manoma su tsayar da ƙa'ida, a faɗe ta tun kafin a shiga gona, cewa in aiki ya tsaya, ga abin da za a biya.

Da na kama hanyar Kano na waiwaya, suna nan gindin tsamiyar, suna jiran ko injin zai tashi.