Ful Ofshin Ko Babban Batir: Ina Ya Kamata Kuɗin Motar Lantarki Ya Tafi?

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayu 2023, maganar motar lantarki ta shigo hirar majalisa da ta ofis. Mutanen da a da ba sa ko kallonta yanzu suna tambayar farashi. Abin da ke damuna shi ne, da zarar mutum ya yanke shawarar irin motar da yake so, sai ya ɗauko tsohuwar al'adarmu ta sayen mota ya ɗora a kanta: a ba ni ful ofshin. Kujerun fata, rufin gilashi, manyan wili, allo mai faɗi. Ina ganin wannan al'ada za ta sa mutane da yawa su zuba miliyoyi a inda bai dace ba, shi ya sa na ga ya kamata in yi wannan dogon rubutu.

A motar fetur al'adar ba ta da wata illa babba. Ko ka sayi ƙaramin mataki ko na ƙoli, tanki yawanci ɗaya ne, gidan mai kuma yana kowace kwana, minti biyar ka cika ka wuce. Bambancin matakan na jin daɗi ne da ado. A motar lantarki kuwa, matakin da ka zaɓa shi ne sau da yawa yake yanke girman batir, da irin sinadarin da ke cikinsa, da saurin shan cajinsa. Batir shi ne abu mafi tsada a jikin motar, yana shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafafunka inda ido ba ya gani, kuma ba abu ba ne da za ka ce bari in lallaba, baɗi na canza. Kujera ana iya kai ta wurin mai ɗinki a lulluɓe ta da fata. Kyamarar baya ana iya sa ta a kasuwa. Batir kuwa, wanda ka fito da shi daga wurin dillali shi za ka zauna da shi.

Bari in kawo misali guda mai lambobi a fili. Motar MG4, wadda kamfanin SAIC na ƙasar Sin yake ƙerawa, ta shiga kasuwar Ingila a 2022 da matakai uku. Na ƙasa, SE mai batir kilowat-awa 51, an sa masa fam 25,995, kuma a takarda yana cin kimanin kilomita 350 da caji ɗaya. Na tsakiya, SE mai dogon zango, batirinsa 64 ne, kuɗinsa fam 28,495, yana kai kimanin kilomita 450. Na sama, Trophy, batirinsa shi ma 64, kuɗinsa fam 31,495, amma zangonsa kimanin kilomita 435. Ku sake duba lissafin a tsanake. Daga na ƙasa zuwa na tsakiya ka ƙara fam 2,500, an ƙara maka kilomita 100. Daga na tsakiya zuwa na sama ka ƙara fam 3,000, an rage maka kilomita 15. Ƙarin kuɗi na farko ya sayo maka tafiya, na biyun ya sayo maka kayan cikin ɗaki.

A 2023 suka ƙaro wasu biyu a sama, kuma farashinsu ya zo ɗaya, fam 36,495. Ɗaya mai batir 77 ne da ke kai kimanin kilomita 520. Ɗayan, XPower, injin lantarki biyu gare shi, yana tashi daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a cikin daƙiƙa 3.8, amma zangonsa bai wuce kimanin kilomita 385 ba. Kuɗi ɗaya, tazarar kilomita 135 a tsakaninsu. A titunanmu masu ramuka da shingayen bincike da dabbobi masu tsallakawa, ban ga inda mai iyali zai ci moriyar daƙiƙa 3.8 ba.

(Na kawo farashin Ingila ne don lambobinsa a bayyane suke. Motocin can sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu. Motar dai ita ce ake sayarwa a sauran ƙasashen Turai da wasu sunayen matakai, a Sin kuma an fara fitar da ita da sunan Mulan.)

To me Trophy ke bayarwa da waɗancan fam 3,000? Akwai kujerun gaba masu ɗumama jiki da sitiyari mai ɗumama hannu. Wannan alheri ne ga wanda yake fita aiki cikin ƙanƙara. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, wanda a watan Afrilu sai ya sa ƙyalle kafin ya iya riƙe sitiyari, ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa kunnawa ba, sai fa 'yan kwanakin hunturu da asuba. Akwai wurin ɗora waya ta yi caji ba igiya, akwai taswira a allo, alhali wadda ke cikin wayarka ta fi ta sanin unguwanninmu. Amma zan yi adalci, akwai abubuwa biyu da nake girmamawa a wannan mataki: kyamarar da ke nuna kewayen mota duka, da na'urar da ke gargaɗin direba idan wani abu ya shiga gefen da madubi ba ya nunawa. Duk wanda ya taɓa tuƙi a tsakiyar 'yan adaidaita sahu da babura ya san wannan ba ado ba ne, yana iya tsare ƙafar wani ko ransa. Idan wannan ne dalilinka na hawa mataki, ba ni da ta cewa. Abin da nake roƙo kawai shi ne ka san shi kake saya, kada ka ɗauka ƙarin kuɗin ya ƙara wa motar ƙarfin tafiya.

Inda maganar ta fi wuya, kuma inda na fi daɗewa ina tunani, shi ne tsakanin na ƙasa da na tsakiya. Da farko mutum zai ce ai babu gardama, 64 ya fi 51. Amma batiran biyu ba iri ɗaya ba ne. Ƙaramin nau'in LFP ne, wanda ake haɗawa da ƙarfe da fosfet. Babban kuma NMC ne, mai nikel da manganis da kobalt. NMC ya fi ɗaukar wuta a ƙaramin wuri, shi ya sa ake sa shi a motocin dogon zango, amma ba ya son a riƙa cika shi maƙil kullum ana ajiye shi a haka, musamman a cikin zafi. Shawarar da masu ƙera motoci suka saba bayarwa ita ce a tsaya a kashi 80 cikin ɗari don zirga-zirgar yau da gobe, a cika shi sai ranar tafiya. LFP kuwa ya fi jure cikawa har wuya, ya fi jure zafi, ya fi jure yawan caji da saukewa. Rauninsa a tsananin sanyi yake, wanda ba shi ne matsalarmu ba. Yanzu ku buga lissafi: kashi 80 na 64 ya kama 51 da ɗan ɗoriya. Wato a ranakun aiki, daga gida zuwa ofis zuwa makarantar yara zuwa kasuwa, mai babban batir da mai ƙarami kusan da wuta ɗaya suke fita daga gida. Fifikon babban yana bayyana ne ranar da aka kama hanyar wani gari.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka tun kafin ka je wurin dillali ita ce, sau nawa kake barin gari, kuma ina kake zuwa. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. Kano zuwa Abuja ya haura 400. Kada kuma lambar takarda ta ruɗe ka. Waɗancan lambobi na ma'aunin Turai ne da ake kira WLTP, ana gwajin ne a yanayi mai daɗi na digiri 23, ba a kunna esi ba. Kai kuwa za ka tafi ne a digiri 40, esi na aiki tun daga ƙofar gida, mota cike da iyali da kaya, kana gudun babbar hanya, wanda shi ne ya fi komai shan batir. Ni idan ina lissafi nakan cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu, in kuma bar wani abu a ajiye don kada a isa da batir a ƙasa. Da wannan lissafi, mai 350 zai kai Kaduna amma da ɗan ɗar-ɗar, mai 450 zai kai hankali kwance, Abuja kuwa duk cikinsu babu wanda zan amince ya kai ni ba tare da tsayawa caji ba. Idan kuma motar daga kasuwar Sin aka ɗauko ta, lambar da ke jikin takardarta ta ma'aunin CLTC ce, wanda ya fi na Turai sakin hannu, sai a ƙara ragewa.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta bambanta lissafinmu da na Bature. Shi yana sayen babban batir ne don tafiya. Mu muna da dalili na biyu. A unguwar da famfo ke zuwa sau ɗaya a kwana uku, mai babban tanki ne ke kwana da ruwa. Haka babban batir yake a unguwar da transifoma kan lalace a yi kwanaki ba wuta. Wanda ke cin kilomita 40 a rana yana shan kimanin yunit bakwai, domin kilowat-awa ɗaya shi ne yunit ɗaya na mitar gidanka. Ƙarin yunit 13 da ke tsakanin batiran biyu kusan kwana biyu ke nan na zirga-zirga ba tare da an ga wuta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai cika shi ma aiki ne. A soket na gida, mai ba da wajen kilowat biyu da 'yan kai, batir 64 daga ƙasa zai ci fiye da awa 24. Da akwatin caji na bango mai kilowat 7, awa tara zuwa goma. Wanda yake rukunin wutar lantarki na Band A, da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana aka kuma kai kuɗin yunit naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, zai cika batir 64 da abin da bai kai naira 15,000 ba a wancan farashi, kuma ƙaramin batir ma ya ishe shi tunda kullum yana samun caji. Wanda wutarsa ba ta da tabbas shi ya fi bukatar babba, kuma shi ya fi bukatar ya ware kuɗin akwatin caji da gyaran wayoyin gida, ko ƙarin faifan sola. Da a ce ni ne, fam 3,000 na hawa Trophy nan zan kai su.

Akwai wasu abubuwa da ba a rubuta su da manyan baƙaƙe a talla, amma sun fi rufin gilashi muhimmanci nesa ba kusa ba. Bakin caji na ɗaya: motar da aka yi wa Turai CCS2 take da shi, wadda aka yi wa kasuwar Sin GB/T, tsohuwar Nissan Leaf kuma CHAdeMO. Wuraren cajin gaggawa a ƙasarmu har yanzu ƙalilan ne. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ta buɗe wurin caji na gwaji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021, bayan an fito da Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas a 2020, kuma 'yan kasuwa sun ƙara wasu tun daga lokacin, galibi a Legas da Abuja. Idan 'yan kaɗan ɗin da ke kusa da kai ba su dace da bakin motarka ba, saurin cajin da ka biya kuɗinsa ya tashi a banza. Na biyu, yadda ake sanyaya batir. Tsohuwar Leaf ba ta da sanyaya batir da ruwa, kuma tun 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda zafi yake kamar namu, suka yi ta kukan batirinsu na saurin rauni. A ƙasar zafi wannan tambaya ce ta farko, ba ta ƙarshe ba. Na uku, wili. Manyan wili da ake sa wa matakan sama suna rage zango, tayarsu kuma siririya ce a gefe, rami ɗaya mai kyau ya isa ya fasa ta ko ya lanƙwasa wilin. Ƙaramin wili mai taya mai kauri ya fi dacewa da hanyoyinmu, ya fi arha wurin canji, kuma yawanci a matakin ƙasa ake samunsa.

Na san abin da wasu za su ce: ful ofshin ta fi saurin fita idan an tashi sayarwa. A motar fetur haka ne. Amma mai sayen motar lantarki ta hannu, idan ya san abin da yake yi, lafiyar batir zai fara tambaya, kashi nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali, kafin ya leƙa kujera. Na kuma san akwai maganar mutunci, mutum ba ya so a ce ya sayi ta ƙasa. Wannan ba abin raini ba ne, haka zuciya take. Ina dai tuna mana cewa kuɗin nan da gumi aka tara su, wasu ma bashi ne ko adashi, kuma akwai kuɗin makaranta da na asibiti suna jira.

Ga inda na tsaya. Mai zirga-zirgar cikin gari, wanda yake da wuta mai ɗan tabbas ko sola a gida, kuma akwai wata motar fetur a gidan don tafiye-tafiye, ya ɗauki na ƙasa mai LFP, bai yi asarar komai ba. Wanda ita kaɗai ce motarsa, yana zuwa gida ganin iyaye a wani gari, ko wutar unguwarsu sai an yi addu'a, ya ɗauki na tsakiya, babban batir a jikin mota marar ƙyale-ƙyale. Na ƙoli sai ga wanda ya zauna ya rubuta abubuwan da aka ƙara ɗaya bayan ɗaya, ya ga akwai biyu ko uku da zai yi amfani da su kowace rana. Kuma ko wanne ka zaɓa, kafin ka biya, ka sa dillali ya nuna maka girman batir da nau'insa a rubuce, ka buɗe murfin caji ka ga bakin da idonka, ka tambaya ko garantin batirin yana aiki a ƙasar nan ko ya tsaya a ƙasar da aka ɗauko motar, ka kuma san wane makanike ne a garinku yake da na'urar duba ta. Idan ta hannu ce, a jona na'ura a karanta lafiyar batirin a gabanka kafin a fara maganar ciniki.