Wasiƙa daga Ingila: Rayuwa Bayan Ritaya

Zuwa ga 'yan'uwa da ke gida,

A Ingila da aiki ake sanin mutum. Idan baƙi biyu suka haɗu, bayan suna sai tambayar sana'a. Ba a cika damuwa da ɗan wane ne ko daga wace unguwa ya fito ba. Shi ya sa ranar da ma'aikaci ya yi ritaya, ba albashi kaɗai ke tsayawa ba. Abokan hira, dalilin sammako, da amsar da ya saba bayarwa idan an tambaye shi ko shi wane ne, duk a rana ɗaya suke barinsa.

Ta wajen kuɗi akwai tanadi. Ana fara karɓar fanshon gwamnati a shekara 66, kuma ana ɗaga shekarun zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028. Tun 2011 aka soke dokar da ta ba kamfani damar sallamar mutum don kawai ya kai 65. Sai dai fansho ba ya maganin kaɗaici. 'Ya'ya sun kama gabansu, hulɗa da maƙwabci gaisuwar bakin ƙofa ce, da hunturu kuma wajen ƙarfe huɗu na yamma duhu ya shigo. Abin ya kai ga a 2018 gwamnatin Theresa May ta ɗora wa wata minista alhakin yaƙi da kaɗaici.

Abin yabo a nan shi ne yadda tsofaffin suka tashi da kansu. Akwai ƙungiyar u3a, wadda tushenta ya faro a Tuluz ta Faransa a 1973, ta kafu a Birtaniya a 1982, yanzu tana da rassa fiye da 1,000. Ba jarrabawa, ba takardar shaida, ba malamin da ake biya. Tsohon injiniya ya koyar da lissafi yau, gobe ya zauna ɗalibi a gaban tsohuwar nas mai koyar da zane. Hikimar tsarin ita ce kowa ana bukatarsa, kuma wannan ne ainihin abin da ritaya ke ƙwacewa. Akwai kuma rumfunan aikin hannu na maza, dabarar da ta fito daga Ostareliya. Maza da yawa ba sa iya zama su faɗi damuwarsu, amma idan hannu yana kan zarto da guduma, baki yakan buɗe. Wasu kan yi aikin sa-kai a shagunan ƙungiyar agaji ta Oxfam, wasu su karɓi ɗan lambu haya daga ƙaramar hukuma.

Bahaushen da ya tsufa a nan, likita ne ko direba, halinsa ya fi wuya. Ya taso yana ganin tsufa matsayi ne: dattijo shi ke sulhu, shi ke karɓar aure, shi ake sanarwa kafin a yanke shawara. Sai ya tarar jikokinsa Turanci suke yi, kuma ba mai sallama a ƙofarsa sai an yi waya. Komawa gida ma da tata asarar, domin wanda ya tare a Najeriya za a ci gaba da biyansa fanshon Birtaniya, amma ba tare da ƙarin shekara-shekara ba. Waɗanda suka fi samun natsuwa su ne masu riƙe wani nauyi a masallaci ko ƙungiyar 'yan gida: koyar da yara karatu da Hausa ranar Asabar, ziyarar marasa lafiya, tsayawa kan jana'iza.

A gida, ma'aikacin gwamnati kan ajiye aiki a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana hidima, galibi da sauran ƙarfinsa. Fansho kan yi jinkiri, amma zumunci, majalisa, gona da sahun masallaci suna ba shi abin da Bature ke kafa ƙungiya kafin ya samu. Wannan gata ba shi da tabbas, don a sababbin unguwannin Kano da Abuja dogayen katangu sun fara raba maƙwabta. Masu shirin ritaya su tanadi abin yi tun suna ofis, kamar yadda suke bin takardun fansho. Matasa kuma su riƙa kai wa dattawa matsalolinsu suna neman shawara, kada ziyara ta tsaya ga gaisuwar Sallah.

Wassalam.